Neman shawara: daɗaɗɗen ɗan majalisa ko mai tsuke bakin aljihu?

Baban Khadija, Houston: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara na zama ɗan ƙasar Amurka, bana kuma zan kaɗa ƙuri'ata ta farko a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Republican. Ɗan majalisar wakilan mazaɓarmu ya daɗe a kan kujera. Yanzu wani matashi ya fito yana neman kayar da shi, yana cewa da hannun irinsu bashin Amurka ya haura dala tiriliyan 36, shi kuwa ba zai goyi bayan ƙarin haraji ko ƙarin bashi ba. Ni dakon kaya nake yi da manyan motoci, haraji yana cin mu sosai, don haka maganar yaron tana shiga ta. Amma lokacin da takardun maiɗakina suka maƙale, ofishin dattijon ne ya bi mana su har aka dace. Wa zan ba?

Alhajin Indiana: Wa alaikumus salam. Ɗana, mu nan mun ga irin wannan a 2012. Sanata Richard Lugar yana majalisa tun 1977, sai Richard Mourdock, ma'ajin jiha, ya taso da wannan magana ta kashe kuɗi, ya kayar da shi a fidda gwani. Da aka zo babban zaɓe a Nuwamba, Mourdock ya sha kaye a hannun Joe Donnelly na Democrat, kujerar ta bar jam'iyyar gaba ɗaya. Lugar ɗin nan kuwa da shi aka kafa shirin YES, wanda ya kawo 'yan sakandare daga Najeriya su yi shekara guda suna karatu a nan. Har yau abin yana min ciwo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Maman Ummi, Richmond: Baba Alhaji, a yi min afuwa, amma a faɗi ɗayan ɓangaren. Lugar ya sayar da gidansa na Indiana tun a shekarun 1970, ya tare a kusa da Washington, wannan na cikin abin da ya fusata mutane. Mu ma a Virginia haka Eric Cantor ya yi nisa da mazaɓarsa, ga shi shugaban masu rinjaye a majalisar wakilai. A 2014 ya kashe sama da dala miliyan 5, Dave Brat, malamin tattalin arziki da bai kashe ko kusa da haka ba, ya kayar da shi. Wanda ya san ba mai taɓa kujerarsa, daina sauraron jama'a yake yi. Yaya, ka duba yaushe rabon dattijon naku da ya zauna da mutanen unguwa.

Ɗan Damagaram: Ni aikina lissafin kuɗi ne, kuma matsalar bashin gaskiya ce: a 2024 kuɗin ruwan da gwamnati ta biya ya zarce abin da ta kashe kan tsaro. Sai dai Malam, ka tambayi yaron abu ɗaya, me zai yanke? Mafi yawan kasafin yana tafiya ne ga fanshon Social Security, inshorar lafiya ta Medicare da Medicaid, tsaro, da kuɗin ruwa. Tallafin da ake bai wa ƙasashen waje kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai. In ya ce maka tallafin waje da almubazzaranci zai toshe shi ke nan, to bai yi lissafi ba. In ya ambaci manyan nan da suna, ya faɗi nawa zai rage kuma wa abin zai shafa, ka saurare shi da kyau ko da ba ka yarda da shi ba. Dattijon ma ka binciki yadda ya yi ta kaɗa ƙuri'a kan kasafin kuɗi, a rubuce yake a shafin majalisa.

Maman Ummi: Ka kuma sani, a jiharku ta Texas in ba wanda ya wuce rabin ƙuri'u za a je zagaye na biyu, kuma jam'iyyar da ka zaɓa a na farko ita kaɗai za ka iya bi a wannan zagayen.

Baban Khadija: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Yaron yana da taro ranar Asabar, zan je in yi masa tambayar Ɗan Damagaram a gaban jama'a. Abin da ya amsa zan kawo muku nan in sha Allahu.