Wace kalma za mu sa wa "coach personnel"?

Ramatu: Salamu alaikum 'yan uwa. Gobe da ƙarfe 8 zan naɗi shirin lafiya a nan Yamai, kan yadda wanda ya ɗauki "coach personnel" a sal, wato ɗakin motsa jiki, zai ci moriyar kuɗinsa. Shawarwarin suna hannu: ka iso minti 10 kafin lokaci ka ɗumama jiki da kanka, kada awar da ka biya ta tafi a nan, tun ranar farko ka faɗa masa in kana da hawan jini ko ciwon gwiwa, ka riƙa rubuta kilon ƙarfen da ka ɗaga. Sunan mutumin ne ya gagare ni.

Sani: Koci mana, Yaya.

Ramatu: Koci na ƙungiyar ƙwallo ne. Wannan kai kaɗai yake tsaya wa, yana ƙirga maka, yana gyara maka baya in ka lanƙwashe.

Malam Idi: Koci kuma! Aron rediyon ƙetare ne. Horo muke da shi, sai a ce mahori, kamar maɗinki da maƙeri.

Hadiza: Allah gafarta Malam, in tsohuwata ta ji mahori, mai bulala za ta zata.

Malam Idi: Ku yaran Yamai kun raina harshenku. A Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Da Faransanci aka horar da shi?

Ɗan Adar: Malam, mu nan Tawa ɗin antirenar muka cewa.

Sani: To, aron Faransa halal, na maƙwabta haram?

Malam Idi: Duka biyun ba na so. Kuma Hausar Kano ba ita kaɗai ce Hausa ba.

Hadiza: Wa ya kawo Kano a nan?

Ramatu: Don Allah dare na yi. Ga yadda na rubuta: "Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Haɗuwa biyu ta awa guda-guda a mako ba za ta cika su ba, sai ka roƙi mai horar da kai ya rubuta maka abin yi a ranakun da ba ku tare." A farkon shiri zan ce mai horar da mutum shi kaɗai.

Malam Idi: Ya yi tsawo, amma ya fi koci. Ki jefa mahori ko sau ɗaya, 'yata, kunne ya saba.

Ramatu: Sai shiri na gaba, Malam, in Allah ya so.