Tunda Intel ta daina ƙera madabod, wane kamfani ya cancanci a amince da shi?

Ɗan Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da ke wannan zaure. Kwamfutar tebur da nake aikin zanen gine-gine da ita tana ɗauke da madabod (ko bod, wato babban faifan da sauran sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa) ƙirar Intel mai soket (mazaunin furosesa) LGA1155, da furosesa Core i5-3470, kuma har yau tana aiki lafiya. Sai dai Microsoft ta dakatar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar furosesar Intel da ta gaza ƙarni na 8. Na so in sayi sabon bod daga kamfanin da na saba da shi, amma an tabbatar mini cewa Intel ta bar wannan sana'a da daɗewa. Shin wane kamfani ne ya dace da mai aiki a Zariya, inda wuta ba ta da tabbas kuma ƙura ba ta ƙarewa? Kuma akwai hikima in nemi tsohon bod na Intel a wurin masu kayan gwanjo, in ci gaba da lallaɓawa?

Injiniyan Kongo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da aka gaya maka gaskiya ne. A watan Janairun 2013 Intel ta sanar cewa za ta janye daga ƙera madabod na kwamfutocin tebur a hankali cikin shekara uku, kuma bod na zamanin Haswell, wato furosesoshinta na ƙarni na 4, su ne na ƙarshe da ta fitar. Ba ita ce ta farko ba: Abit, wadda masu son ƙure saurin furosesa suka yi yayinta, ta rufe a ƙarshen 2008, DFI kuma ta bar jerin LanParty ta koma ƙera bod na masana'antu. Yau kasuwar tana hannun kamfanoni huɗu na ƙasar Taiwan, wato ASUS da Gigabyte da MSI da ASRock, sai Biostar a gefe.

Abin da nake so ka kula da shi shi ne, idan kamfani ya bar kasuwa, bod ɗin da ya sayar ba ya mutuwa a ranar, amma sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin bod mai tayar da kwamfuta, yana tsayawa, kuma a nan ne asarar take. A ƙarshen 2019 Intel ta cire fayilolin BIOS na tsofaffin bod ɗinta daga shafinta, saboda haka duk mai neman su yanzu sai ya ɗauko daga wasu shafukan da ba shi da tabbacin amincinsu. Mutane da yawa suna ɗaukar BIOS abin da ba a taɓawa, alhali kuwa a 2024, lokacin da wasu furosesoshin Intel na ƙarni na 13 da na 14 suka riƙa samun matsalar tsayawa saboda yawan ƙarfin wutar da ke shiga cikinsu, gyaran da kamfanin ya fitar bai isa hannun masu kwamfuta ba sai ta sabon BIOS da masu ƙera bod suka rarraba. Wanda kamfanin bod ɗinsa ya daina fitar da BIOS ba shi da wata ƙofa ta samun irin wannan gyara. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, shiga shafin kamfanin, ka nemi lambar bod ɗin da kake so, ka duba ranar da aka fitar da BIOS ɗinsa na ƙarshe. Wannan ya fi sunan da ke jikin kwali muhimmanci a wurina.

Batun soket kuwa, AMD, kamfanin da ke gogayya da Intel wajen ƙera furosesa, ta fi daɗewa a kan guda ɗaya. Soket ɗinta na AM4 ya fito a 2016, kuma har a 2024 ana fitar masa da sabbin furosesoshi. AM5 ya zo a 2022, yana aiki da RAM na DDR5 kaɗai. Ka sani kuma cewa DDR3 ɗinka ba zai shiga ko ɗaya daga cikinsu ba, dole ka saka kuɗin RAM a lissafinka.

Mai Gyara na PZ ya amsa:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, amma zan ƙara abin da nake gani a kan teburin gyara. Yawancin bod ɗin da ake kawo mini ba tsufa ne ya kashe su ba, wuta ce. Ana ɗauke ta a dawo da ita da ƙarfi, ko a tayar da janareta kwamfuta na haɗe, sai akwatin wuta mai arha ya tura wa bod abin da ba zai iya ɗauka ba. Mutum zai sayi bod mai tsada ya haɗa shi da akwatin wutar da ba a san wanda ya ƙera shi ba, wannan kuwa kamar gina bene ne a kan tubalin toka. Ka ware kuɗin akwatin wuta na kirki da UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke ta, tun farko, ko da hakan zai sa ka sayi bod mai matsakaicin daraja.

Ina kuma ba ka shawarar bod mai maɓallin sabunta BIOS ta filashi ba tare da an kunna kwamfutar gaba ɗaya ba. ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte na kiransa Q-Flash Plus, MSI ma tana da nata. Idan aka ɗauke wuta ana tsakar sabuntawa, wannan maɓalli kan ceto bod ɗin da a da sai an ciro cif ɗinsa an sake rubuta shi da na'ura. Ka duba kuma ko akwai ƙarfen sanyaya a kan sashen da ke daidaita wutar furosesa, domin zafin Maris da Afrilu a garin nan yana gwada wannan sashe ƙwarai, musamman ga mai aikin zane da ke barin na'ura tana aiki awanni. Lokacin hunturu kuma a riƙa buɗe akwatin ana hure ƙurar.

Tsohon bod na gwanjo ban ba ka goyon baya a kai ba. Ya haura shekara goma, ba shi da garanti, kuma ba zai kai ka ga Windows 11 ba. Ka yi hattara da bod da aka ciro daga kwamfutocin ofis na Dell ko HP, domin da yawansu suna da mahaɗin wuta nasu na daban wanda bai dace da akwatin wuta na gama-gari ba.

Malamar Lissafi ta amsa:

Ina da ɗan saɓani da ’yan’uwana a wuri guda. Kwamfutar da ke aiki lafiya bai kamata a yi watsi da ita don Windows ta juya mata baya ba. Linux Mint ko Ubuntu za su hau wannan furosesa ba tare da wahala ba, kuma za ta ci gaba da amfani ga yara a gida ko ga aikin rubutu da intanet. Na yarda cewa idan manhajar zanenka ba ta aiki sai a Windows, sabuwar na'ura ta zama dole, amma hakan ba ya hana a bar tsohuwar a matsayin ta biyu.

Ɗan Samaru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Manhajata sai Windows, don haka zan haɗa sabuwa, tsohuwar kuma zan bi shawarar Malama. Hankalina ya karkata ga bod na AM4 mai cif B550 da furosesar AMD Ryzen 5 5600G, tunda yana da sashen hoto a cikinsa kuma zan iya jinkirta sayen katin hoto. Injiniya, idan zan yi oda daga Kano ko Legas, me zan tambayi mai shagon kafin in tura kuɗi?

Injiniyan Kongo ya amsa:

Ka nemi ya turo maka hoton kwalin da lambar bod ɗin a fili, ka tabbatar an rubuta cewa yana karɓar Ryzen 5000G, wato jerin da 5600G ke ciki, ba tare da an sabunta BIOS ba, domin wasu B550 na farko sun fito kafin wannan furosesa. Ka tambaye shi wata nawa ne garantin shagonsa, ya rubuta maka a rasit, sannan ka duba cewa bod ɗin yana da mafitar HDMI ko DisplayPort da ta dace da allonka.