Projectile da Hausa: ni dai na tsaya a kan "jefaffe"

Malaman fiziks na Kano, ina roƙon mu tsayar da kalmar Hausa ɗaya a kan projectile, wato abin da aka wurga yake tafiya a iska ba mai tura shi. Yaranmu na SS2 suna haddace fomula, amma ka tambaye su mene ne abin, sai shiru.

Wani malaminmu ya kawo "harsashi". Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi ƙunci: ƙwallo fa, da dutsen gwafa? Wani ya ce "makami mai linzami". Shi kuwa inji ke tura shi, ana juya akalarsa a hanya, bai shiga lissafinmu ba.

Zaɓina jefaffe, motsinsa kuma tafiyar jefaffe. Kalmar da kanta tana cewa hannu ya gama aikinsa. Ku leƙa kasuwar 'Yan Lemo lokacin sauke kankana: na kan mota ya cillo, na ƙasa ya cafe. Tsakanin hannayen nan biyu babu mai tura kankanar, sai jan ƙasa kaɗai, in an ajiye iska gefe. Nan ne yara suka fi ɓata, suna zaton ƙarfin hannun yana rakiyarta.

Mu gwada kalmar a aiki. An buga ƙwallo da gudun mita 20 a daƙiƙa, a kusurwar digiri 30. Raba gudun kashi biyu bisa ga kusurwar: kason sama 10, kason gaba 17.3. Jan ƙasa, wanda muke ɗauka 10 maimakon 9.8 don sauƙi, yana zaftare 10 daga kason sama kowace daƙiƙa. Daƙiƙa 1 kenan jefaffen ya kai ƙololuwa, mita 5, wata 1 ya sauko. Kason gaba kuwa ba abin da ya taɓa shi: 17.3 sau 2, mita 34.6. Wannan nisan na kira shi zango, tunda kunnenmu ya saba da "cin dogon zango" a labarai, kuma a shimfiɗaɗɗen fili digiri 45 ne ya fi cin zango.

Na san za a ce ƙwallo bugunta ake, kibiya harbi. Gaskiya ne, amma suna ɗaya muke nema, kuma jifa ce kowane yaro ya taɓa yi da hannunsa.

Saura lanƙwasar hanyar, wadda Galileo ya bayyana a 1638 cewa parabola ce. Ina tunanin "baka", sai dai bakan da'ira ma baka ne, kuma ba ɗaya ba ne. Malaman lissafi, me kuke ce mata a aji?