Nasara: Daga Ina Ta Zo Mana Damagaram?

Ɗan Birni:
Jiya a filin kokowa yaron unguwarmu ya yi kaye, kalangu ya ɗauka, mata na guɗa. Tun da na dawo gida kalmar nan ta nasara ke min yawo a ka. Malam, a taimaka:

Sallama gare ku mutan Damagaram,
Tambaya na kawo, ku ba ni haske,
Mun ce ya ci, mun ce ya yi kaye,
Ita nasara, ina tushenta yake?

Malam na Garin Malam:
Ɗana, zauna ka ji asalinta,
Daga Larabci ta zo, nasru sunanta,
Taimako ne ma'anarta ta fari,
Kafin rinjaye ya hau bayanta.
Iza ja'a nasrullahi, buɗe ka duba,
Taimakon Allah aka ambata,
Ansaru na Madina masu tarbar baƙi,
Daga saiwar nan su ma suka fita.
Nasiru da Mansuru da muke raɗawa,
Duk 'ya'yanta ne, ita ce uwarsu, ka riƙe ta.

'Yar Zengo:
Allah ya ƙara sani, Malam. Amma a bar mu mu ma mu sa hannu:

Balarabe ya kawo ta cikin akushi,
Bahaushe ya wanke hannu ya ci,
Ɗalibi ya ci jarrabawa, ɗan takara ya ci zaɓe,
Mai sa'a a kasuwar Dole riba ya ci.
Kofi kuwa lashe shi ake har gindi,
Galaba baƙuwa ce, mu namu shi ne ci.

Baba Tsoho:
'Yata, kin yi daidai. Saura tagwayenta, wadda kakanninmu ba sa faɗa da fara'a:

Ja wasalin tsakiya, ka ce Nasaara,
Ka kira Bature, ba ka kira rabo ba.
A 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga,
Kazamaju, hafsan Faransa, ya shigo, bai koma gida ba.
A 1899 Faransawa suka dawo ta Tirmini,
Bindigarsu ba irin tamu ba,
Suka ci garin Sarki Tanimun mai ganuwa,
Ba su bar mana sarautar jiya ba.
A 1926 suka kwashe mulki zuwa Yamai,
Tsofaffinmu har yau ba su manta ba.

Ɗan Birni:
Baba, ka sa jikina ya yi sanyi. Malam, yanzu na gane abin da idona ya gani jiya:

Da yaron nan ya kai shi ƙasa,
Bai yi kirari ba, bai daka tsalle ba,
Hannu ya miƙa ya tashe shi tsaye,
Ya kakkaɓe masa rairayi a baya,
Sannan ya durƙusa gaban tsohon da ya koya masa,
Goshinsa da ƙasa, bakinsa na godiya.