Kumfa a tankin tace ruwan ƙazanta: abin da masu aikin suka ce

Masu kula da tankunan tace ruwan ƙazanta a Katsina sun tattauna kan kumfar da ke hana su sakat. Shawarar farko ita ce a duba launinta. Fara mai saurin bajewa yawanci sabulu ne, ko laka (wato tarin ƙwayoyin da ke cinye ƙazantar a cikin tankin) da ba ta nuna ba. Mai kauri, ruwan ƙasa, mai maiƙo kuwa, aikin ƙwayoyin bakteriya ne masu kama da zare, irin su Nocardia da Microthrix parvicella. Jikinsu ba ya shan ruwa, sai su manne wa iskar da ake hurawa cikin tankin, su taso sama. Microthrix ta fi son sanyi, don haka a zafin garin nan Nocardia aka fi zargi, amma madubin likita ne zai tabbatar.

Abincinsu kitse da mai ne. Nan aka fi jan magana: a tare maiƙon gidajen abinci da mahauta tun kafin ya shigo. A riƙa rage tsohuwar laka. Kumfar da aka kwashe kada a mayar da ita tanki, ai iri aka sake shukawa. Fesa kulorin a saman kumfar da ke tankin na taimakawa, sai dai in ya yi yawa har ƙwayoyi masu amfani zai kashe.