Talabijin na mutuwa alhali batir a cike yake

Ɗanladi Garwa: Salamu alaikum 'yan zaure. Sola ce ta volt 12, talabijin da fanka biyu, jimlarsu wat 120. Batir na nuna volt 12.4 amma talabijin sai ta yi ta mutuwa da dare. In sake batir ne?

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Wace waya ka ja, kuma mita nawa daga batir zuwa ɗaki?

Ɗanladi Garwa: Mai kaurin milimita sukwaya 1.5, Malam. Kamar mita 10.

Malam Isa: To bar batirin nan, ba shi da laifi. Raba wat da volt: 120 a raba 12, amfiya 10 ke bin wayar. Mita 10 kuwa zuwa da dawowa 20 ne, nan mutane ke mantawa. Turjiyar jan ƙarfe, wato yadda yake tare wuta, 0.0175 ce, ka ninka da tsawo, ka raba da kaurin waya: 0.0175 sau 20 a raba 1.5, kusan om 0.23, om kuwa shi ne ma'aunin turjiya. Ninka da amfiya 10, volt 2.3 sun salwanta a hanya. Ka ga 12.4 ta zama 10.1 kafin ta iso talabijin. Wat 23 kuma wayar ce ke cinye su tana ɗumi, taɓa ta ka ji. Da waya mai kauri 6 asarar ba ta wuce volt 0.6 ba.

Abba Marwa: Ko ya matso da batir kusa, ya fi araha.

Usmanu Kuseri: Kawu Isa, lissafinka na jan ƙarfe ne na gaske. Wata wayar a kasuwa alminiyom ce aka shafa mata ja. A kankare bakinta da wuƙa, in fari ya fito to turjiyarta ta fi da wajen kashi 60 cikin 100. Kuma tana saurin karyewa a wurin ɗauri, ɗaurin ya yi sako-sako, ya yi zafi, roba ta narke.

Abba Marwa: A koma volt 24 kawai. Amfiya 5, asarar waya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Usmanu Kuseri: Kayansa fa na 12 ne, Abba. Ya ƙona talabijin ke nan?

Abba Marwa: Ai da na'urar rage volt nake nufi.

Hajiya Balki: Tunda ana nan, dutsen guga mai wat 1000 zai yi a kan inbata?

Malam Isa: Hajiya, a wutar gari ta 220 amfiya 4.5 kawai yake ja. Daga batir mai 12 kuwa ya haura 83, har da asarar inbata ya kai 90. Batir mai 100Ah, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, ba zai jure ba.

Sale mai gyara: Ɗanladi, ka auna kafin ka sayi komai. Kunna kaya duka, sa mitar awon wuta a volt na DC, wato irin wutar batir, auna bakin batir, auna bayan talabijin. Bambancin shi ne abin da waya ta ci. Ka tabbata jar wayar mita na ramin V. In tana ramin 10A ka ɗora a batir, fiyus ɗin mita zai tashi nan take.

Ɗanladi Garwa: Na auna, Yaya Sale. 12.3 da 9.8.

Usmanu Kuseri: Kankare wayar ka turo mana hoto.