Bencin baya: gyara yake yi ko kora?

Zauren zumuntar Kiristoci masu jin Hausa, Kumasi

Magajiyar Zumunta: Salama gare ku 'yan'uwa. Ina da magana, kuma na fi so in faɗe ta a nan inda dattawa da matasa duk suke gani. Ra'ayina shi ne a ɗauke bencin baya daga majami'armu. Wannan benci da ake ajiyewa kusa da ƙofa domin wanda aka sa a horo, ni ban ga wanda ya gyara ba, sai waɗanda ya kora. Kun san yarinyar nan da take ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia, wadda ta haihu ba aure. Ba zan kira sunanta ba. An karanta laifinta a gaban jama'a, aka ce ta koma baya, ba jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, ba ƙungiyar mawaƙa. Ta daure ta zo na ɗan lokaci, yanzu ta daina. Bulus ya ce wa Romawa a sura 15 aya 7 su karɓi juna kamar yadda Almasihu ya karɓe su. Ku gaya mini, haka Almasihu ya karɓe mu?

Baba Dattijo: Magajiya, na ji ki, kuma na san da zuciya ɗaya kika faɗa. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Horo ba ƙiyayya ba ne. Bulus ɗin da kika kawo, shi ne ya rubuta wa Korintiyawa a wasiƙa ta fari sura 5, a kan mutumin da ya ɗauki matar ubansa, ya ce su fitar da shi daga cikinsu. A aya 12 ya ce na waje ba ruwansa da hukunta su, amma na ciki ai aikin ikilisiya ne ta duba su. Mu ba mu ma fitar da yarinyar ba. Mun ce ta zauna, ta ji wa'azi, ta nuna tuba. Mu da muke zaune a tsakiyar zango, maƙwabtanmu suna kallon yadda muke riƙe gidanmu. In aka ce a cocinmu kowa yana yin abin da ya ga dama, da wane baki za mu yi shaida?

Makaniken Magazin: Baba, da girmamawa, tambaya ɗaya ce gare ni. Ita kaɗai ta yi cikin? Wanda ya yi mata yana nan, kowa ya san shi, ranar Lahadi yana zama inda ya saba. Me ya sa bencin ya san ta, bai san shi ba?

Baba Dattijo: Ɗana, bai amsa ba, kuma babu shaidu. Ba a hukunci da jita-jita.

Makaniken Magazin: To ashe wanda laifinsa ya fito a jiki shi ake kamawa. Mai ƙaryar ciniki, mai dukan matarsa cikin dare, mai cin amanar adashi, duk babu abin da yake nunawa a jikinsu, sai su ci jibi lafiya.

Uwar 'Yan Mata: Ku bari in sa baki, don kada a ce maza ne kaɗai ke son horo. Ni ina da 'yan mata a gida, kuma ina goyon bayan Baba. Garin nan ba ƙauye ba ne. Yarinya ta fito daga Bolga ko Bawku ko Walewale, ba uwa ba uba a kusa, ga samari da 'yan kuɗi a hannu. Tsoron wannan benci yana cikin abin da yake riƙe wasu. In kuka ɗauke shi, me zan nuna wa 'ya'yana? In ce musu ku je ku yi, coci za ta yi muku guɗa? Magajiya, ke ma uwa ce, kin san abin da nake nufi.

Mama Mai Koko: Yaya, ni nake ganin yarinyar nan kusan kullum, don ta wajen teburina take bi da asuba in za ta kasuwa. Jaririn a goye, kwanon kaya a kai, wani lokaci ko kuɗin ƙosai babu. Na tambaye ta me ya hana ta zuwa. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ce ba ta yi laifi ba. Abin da ta gaya mini shi ne ranar jibi. Mai raba ƙananan kofunan nan ya zo da tire har layin da ke gabanta, ya ba kowa, sannan ya juya ya koma. Yara da ke shiga da fita ta ƙofar suna tsayawa suna kallonta. Bencin ba shi da majingina, rana tana dukan wurin tun kafin a gama waƙoƙi, jaririn ya yi ta kuka, mutane suna waiwaye. Ta ce mini, Mama, na riga na roƙi Allah gafara, amma duk Lahadi sai a sake tuna mini. Tun ranar abin yake cina. Ban iya nassi kamar su Malam ba, abin da idona ya gani na kawo.

Malamin Lahadi: Baba, ina so mu bi nassin nan a hankali, don ni ban yarda da masu cewa “kada ku hukunta” yana nufin a rufe ido ba. Matiyu sura 7 ta ce ka fara cire gungumen da ke idonka, sannan ka ga yadda za ka cire ɗan hakin da ke idon ɗan'uwanka. Ba a ce a bar hakin a ciki ba. Har nan ina tare da ku. Inda muka rabu shi ne hanya. A Matiyu 18 daga aya 15, Yesu ya tsara ta: ka je wurinsa kai da shi kaɗai, in bai ji ba ka ƙara mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan a gaya wa ikilisiya. Sanarwa a gaban jama'a ta mai taurin kai ce, kuma ita ce ta ƙarshe. Yarinyar nan ta amsa laifinta tun zaman farko. Mu muka fara daga inda Yesu ya ƙare. Kuma ku duba Korintiyawa ta biyu, sura 2 aya 6 zuwa 8. Bulus ya ce horon da aka yi wa mai laifin ya isa, yanzu su yafe masa, su ƙarfafa shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ya damu da abin da kunya mai tsawo take yi wa mutum. Shi kansa wurin zama, inda na san an yi maganarsa kai tsaye shi ne wasiƙar Yakubu sura 2: mai zoben zinariya a ce masa zauna nan wuri mai kyau, matalauci a ce masa tsaya can. Yakubu ya kira wannan nuna bambanci, ya ce masu yin haka sun zama alƙalai masu mugun tunani.

Baba Dattijo: Malam, Yakubu yana maganar arziki da talauci ne, ba zunubi ba. Kuma ka manta Timoti ta fari 5:20, inda aka ce masu yin zunubi a tsawata musu a gaban kowa domin saura su ji tsoro. Ga abin da Uwar 'Yan Mata take faɗa nan a rubuce.

Malamin Lahadi: Ban manta ba, Baba. Amma aya 19 da ke gabanta maganar ƙarar da aka kawo a kan dattijon ikilisiya take yi. Tsawatarwa a fili an fi ɗora ta a kan shugabanni, don su ne jama'a ke koyi da su. A kan arziki da talauci kuwa, ku yi mini afuwa, ku tuna waɗanda suka zauna a bencin nan tun da aka ajiye shi. 'Yan kayayo ne, wato masu dakon kaya a kasuwa, da masu aikin gida, da masu koyon ɗinki. Gidan da ke da hali, ana jin labari sai a gaggauta aure, ko a tura yarinya Akra wurin 'yan'uwa.

'Yar'uwa Nas: Ni ta gefen aikina zan yi magana. Tun 2008 gwamnatin Gana ta sa mai ciki ta yi rajistar inshorar lafiya kyauta, ta je awo, ta haihu a asibiti. Amma yarinyar da take tsoron a karanta sunanta a coci ɓoye cikin take yi. Ta ɗaure shi da zane, ta ci gaba da ɗaukar buhu a kai, ba awo, ba maganin ƙarin jini. Wata ma sai ta je ta sha abin da zai zubar da shi, a kawo ta rai a hannun Allah. Mama, kin ce tsoro yana riƙe su. Abin da nake gani shi ne tsoron ba ya hana abin faruwa, ɓoyewa yake koya musu. Ni na fi so 'yarki ta san cewa ranar da ta shiga matsala, ƙofar da za ta fara ƙwanƙwasawa taki ce da ta Magajiya.

Uwar 'Yan Mata: 'Yata, maganarki ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu ban ji abin da za a sa a madadinsa ba. Kowa yana cewa a ɗauke, a ɗauke. In an ɗauke sai me?

Makaniken Magazin: A 2019 Limamin Ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya je cocin Katolika ta Christ the King a Akra lokacin Ista, yana cika shekara 100. An karɓe shi da daraja, ƙasa duka ta yi murna. Mu kuma 'yar da aka yi wa baftisma a gabanmu mun ajiye ta bakin ƙofa.

Baba Dattijo: Wannan daban ne, ɗana. Shehu baƙo ne mai girma, ya zo don zaman lafiya, kuma Allah ya saka masa. Baƙo ba ya ƙarƙashin alkawarin ikilisiya. Ɗan gida shi ake tsawata wa. Kada mu haɗa abin da bai haɗu ba.

Magajiyar Zumunta: A nan na yarda da Baba, misalin bai zauna daidai ba. Amma ga wanda ya fi kusa. A 2010 shugabannin Church of Pentecost, lokacin Opoku Onyinah yana shugabanta, sun fitar da sanarwa cewa kada a hana mace sujada don ba ta ɗaura ɗankwali ba. An yi ta hayaniya, tsofaffi da yawa sun ji zafi, wasu suka ce coci ta lalace. Ga ta nan ba ta rushe ba. Ban ce ɗankwali da fasikanci ɗaya ba ne. Abin da nake nufi shi ne coci tana iya zama ta rarrabe abin da nassi ya umarta da abin da muka gada muka saba. Bencin nan gado ne, babu ayar da ta ce a sassaƙa shi.

Ga amsar tambayarki kuma, Yaya. Wadda ta faɗi, dattijo da matarsa su je ɗakinta su zauna da ita. Zumuntar mata ta ba ta uwa ɗaya da za ta riƙa bibiyarta, ta raka ta awo, ta yi addu'a da ita, ta gaya mata gaskiya ko da ɗaci. In tana riƙe da aiki a coci ta ajiye shi na wani lokaci, wannan ban musa ba. Amma ta zauna a cikinmu, a layin da ta saba. Galatiyawa 6:1 ta ce a maido da irin wannan da ruhun tawali'u, kowa yana lura da kansa. Wannan ya fi benci wuya, don benci ba ya cin lokacin kowa, wannan kuwa sai mun bar sana'armu mun taka har lungun unguwar Aboabo.

Malamin Lahadi: In ƙara kaɗan. Markus ya gudu ya bar su Bulus a Bamfiliya, Bulus ya ƙi sake tafiya da shi, har suka rabu da Barnaba a kan haka, Ayyukan Manzanni sura 15. Barnaba ya ɗauke shi suka tafi Kubrus. Daga baya Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo da Markus, don yana da amfani a gare shi. Da kowa ya bi ra'ayin Bulus a ranar, da an yi asarar yaron.

Uwar 'Yan Mata: To in za a bar bencin, a kira namijin shi ma ya zauna. In ba za a iya ba, a ɗauke. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a yi shiru kamar ba a yi komai ba.

Makaniken Magazin: Ni ban so a ƙara mutum a bencin, Mama. So nake a kira shi ya ɗauki nauyin ɗansa. Madara da sabulu da kuɗin ɗaki, wannan ne tuban da jaririn zai amfana da shi.

Mama Mai Koko: Baba, akwai abin da ta tambaye ni na rasa amsa. Ta ce ko za a yarda a yi wa yaron addu'a a coci kamar yadda ake yi wa sauran jarirai.

Baba Dattijo: Yaron bai yi wa kowa laifi ba, a kawo shi. Wannan ba ya bukatar muhawara. Maganar jibi kuwa ina nan a kan bakana: akwai lokacin da mutum zai dakata ya binciki kansa, kuma dattawa ne za su ce lokacin ya cika. Bencin da karanta suna, ba ni kaɗai na kafa su ba, ba kuma ni kaɗai zan cire ba. Zan kai maganar zaman dattawa da Fasto, zan kuma faɗi abin da Malam ya kawo daga Matiyu 18 yadda ya faɗe shi. Mama Mai Koko, ki tambaye ta ranar da ba ta fita kasuwa, ni da mai ɗakina za mu je mu gan ta.

Magajiyar Zumunta: Mun gode, Baba. A kan jibi ban gamsu ba, kuma zan sake tayar da maganar. Roƙona biyu ne: a bar mata biyu daga zumunta su shiga wannan zama, kuma a kira saurayin a ranar, kada a ce sai wani lokaci.

Mama Mai Koko: Lahadi da yamma take samun hutu. Gobe da asuba in ta biyo zan gaya mata.